Igiya Riƙe Ta Ake Yi

Sun rufe rijiyar da siminti. Ba wanda ya tambaye ni, ko da yake ni na haƙa ta, gaba goma sha huɗu, da dagi da hannuwan nan biyu. Wai kada yara su faɗa. Tun ina da baƙin gashi take buɗe, ko ɗan akuya bai taɓa faɗawa ba, don 'ya'yan da suna da ido, iyayensu kuma suna da baki. Yanzu an ɗora tanki a kan ƙafafun ƙarfe a bayan masallaci, da wasu faifai masu shan rana. Yaro ya murɗa kan famfo, ya sha, ya tafi ya bar ruwa yana tsiyaya. Bai san daga inda ruwan ya fito ba, bai kuma damu ya sani ba. A da abin da ke tashin mutum da safe shi ne guga ya bugi ruwa can ƙasa, tim, sannan kukan igiya a kan gungumen bakin rijiya, wanda ta ci ta ci har ta yi masa tsaga-tsaga, sannan muryar mata suna gardamar wa ta riga wa. Yau in ka ji ƙara, to babur ne, ko waya.

Da rijiyar ta tafi, sai wata sabuwar cuta ta shigo: ƙasar waje. Ka zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar ka ji dattawa masu furfura, waɗanda ya kamata su yi maganar damina da iri, suna gasar ɗan wa ya fi nisa. Na wane yana Indiya. Ta wane tana Sudan. Na wane yana wata ƙasa da uban ma ba ya iya faɗin sunanta sai ya duba waya. Suna faɗi suna hura hanci kamar su suka ci jarrabawar. Ni ban yi boko ba, baƙinsu ko ɗaya ban sani ba. Amma wanda ya fara tafiya karatun waje a duk ƙauyukanmu tsakanin Roni da Gwiwa, a ƙwarya ɗaya muka sha fura da shi. Na san abin da tafiyar take ci, na kuma san wanda take ci. Shi ya sa in sun fara, nakan tofar da yawu in juya musu ƙeya.

Sai ga cutar har cikin ɗakina. Babban ɗana, wanda ke aiki a sakatariya a Kazaure, ya zo ran Juma'a da yamma, ya durƙusa, ya yi ta jan gaisuwa. Na san irinta. Gaisuwa ce mai jela.

"Baba, maganar yarinyar nan ce."

"Wace yarinya? 'Ya'yanka bakwai."

"Ta wajenka. An ba ta gurbi a wata jami'a a Masar, karatun likita, shekara shida. Ana so a mayar da takarda da sa hannu kafin wata Juma'ar, in ba haka ba a ba wani. Na ce sai abin da ka ce."

"An yi mata fasfo?"

Ya dubi tabarma. "An yi, Baba."

"To ka yanka, ka feɗe, sannan ka zo tambayata ko halas ce."

"Ba haka ba ne, Baba. Ita ce ta ƙi sa hannu. Ta ce in ba daga bakinka ta ji ba, ba inda za ta."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Yarinyar da yake magana a kanta, tun tana da shekara biyar aka kawo mana ita, ta taya kakarta zama. Kakar ta rasu, ita ta zauna. Daga gidan nan ta yi duk karatunta. Ita ke ɗiga mini maganin ido safe da yamma, ita ta san yadda nake son kununa, ba ruwa-ruwa ba, ba kuma kamar tuwo ba. In sanyi ya shiga ƙafar nan tawa gurguwa, ita ke murza ta da man shanu tana zagina. Ina ce mata amarya, tana ce mini tsoho mai rowa. In ta tafi, na san abin da ya rage mini: kwano a ajiye a bakin ƙofa, da sallama daga nesa.

Ubana mahaƙin rijiya ne, haka ubansa. In an kai amfanin gona rumbu, sai mu ɗaure dagi da kwando da igiya a kan jaki mu kama hanya: Roni, Babura, Kanya Babba, wani lokaci har mu tsallaka ƙasar Faransa, Nijar ta yanzu, inda ake biya da sefa a haɗa maka da rago. Ubana ba ya haƙa a inda aka nuna masa. Sai ya zaga garin da ƙafa, ya duba inda ɓaure ya tsaya kore cikin rani, ya duba suri, ya ɗebi ƙasa ya murza ya sunsuna, sannan ya soka dagi ya ce nan. Aikin na mutum biyu ne, na ƙasa da na sama. Kafin kowa ya shiga da safe, sai an zura fitilar aci-balbal a ga ko za ta ci. In ta mutu, iskar ramin ta ɓaci, sai a yi ta zura reshe mai ganye ana jawowa har ta gyaru. Na ƙasa yana da igiya a ƙugu. Ya girgiza sau ɗaya, a ja kwando. Sau biyu, a zura masa ruwan sha. Sau uku, a fito da shi, ba tambaya. Daga can ƙasa duniya duka ba ta fi faifai faɗi ba, kuma abin da kake gani a bakin faifan kan mutum ɗaya ne. Ubana yakan ce, na ƙasa aiki yake yi, na sama rai yake riƙe da shi. In ku biyun kun yi sa-in-sa da safe, ranar ba shiga. In lokacin sallah ya yi, na sama ba ya tashi sai na ƙasa ya fito su yi tare. Akwai gwafa da ake kafawa a bakin rami don igiya ta bi ta kanta, amma ba a ɗaure igiya a jikinta. Na taɓa tambayarsa dalili, tunda gwafa ta fi mutum ƙarfi. Ya make mini ƙeya ya ce, "Gwafa tana ji? Igiya riƙe ta ake yi. Hannu yana jin abin da kunne ba ya ji."

Yau kuwa mota ce ke zuwa da dogon ƙarfe, ta yi ta gurnani wuni biyu, ruwa ya yi tsartuwa, yara su yi ihu. Masu aikin suna zaune a inuwa suna cin biredi. Ba wanda ya shiga, ba wanda ya riƙe wani. Su ma wai mahaƙa.

A gidanmu akwai ƙanwar ubana, gwaggo, wadda mijinta ya mutu ta dawo da ɗanta guda, sa'ana. Ɗan gwaggo abokin wasa ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a al'ada ni ne ubangida, shi ne bawa. Ban taɓa kiransa da sunansa ba, sai bawana. Shi kuma kwaɗon rijiya yake ce mini. Muna da kamar shekara bakwai aka aiko daga wajen hakimi cewa gidanmu ya ba da yaro ɗaya a kai makarantar boko. A lokacin ana ganin wanda aka kai boko kamar wanda aka binne da rai: ba zai yi noma ba, ba zai yi sallah ba, ba zai san uwarsa ba. Ubana yana cikin haƙa wata rijiya a bayan gari, ba ta kai ruwa ba. Ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya zura ni, ya ce ko tari kada in yi. Ya zauna a bakin ramin da igiyar a hannu, kamar mai hutawa. Daga ƙasa na ji ƙararrawar keken ɗan aike, na ji muryar maza, can na ji kukan gwaggo. Maraya aka ba su. Da yamma ubana ya jawo ni, ya karkaɗe mini ƙasa a ka, ya ce, "Na tsira da nawa." Yana ganin ya yi wayo. Allah ya jiƙansa. Ya sa ni a rami na wuni ɗaya, na yi shekara hamsin ban fito ba.

Bawana bai daina sallah ba, bai kuma manta uwarsa ba, a lokacin dai. Daga Kazaure aka wuce da shi Kano, daga Kano aka ƙara gaba. Yakan dawo hutu da gajeren wando da farar ƙafa, mu zauna a zaure mu dasa daga inda muka tsaya.

"Bawana, me suka koya maka bana? Cin tuwo da cokali?"

"Sun koya mini duniya ta fi bakin rijiya faɗi, kwaɗo."

"To in ƙishirwa ta kama ka, ka sha faɗin nata."

Gwaggo ta yi ta dariya tana cewa Allah ya shirye ku. Ba zan yi ƙarya ba, ina son sa. Ba ni da wani ɗan'uwa namiji.

Muna samari, ban daɗe da aure ba, ubana ya riga ya rasu, gwaggo tana hannuna, na karɓi aikin wata rijiya a rugar Fulani gabas da Kanya Babba. Mai riƙe mini igiya kurkunu ta kwantar da shi. Bawana yana gida a lokacin, ya gama wani karatu yana jiran sakamako. Ya ce shi zai riƙe. Na ce hannun alƙalami ba ya riƙe igiya. Ya ce a gidan nan ya tashi, ya san doka kamar yadda na sani. Gaskiya ne, ya sani. Kwana tara yana riƙewa lafiya. Ran na goma fitila ta ci, na shiga. Na kai gaba goma sha biyu, na fasa marmara, na fara jin danshi a tafin ƙafa. Wannan shi ne wurin da ya fi haɗari, don ƙarƙashin marmara rairayi ne, kuma jiƙaƙƙen rairayi gudu yake yi. Wajen hantsi na ji bango yana raɗa. Duk mahaƙi ya san wannan sautin, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Na girgiza igiya sau uku. Shiru. Na sake. Na ɗaga kai, faifan nan na sama fes, ba kan kowa. Kafin in kai ga matakalar da na sassaƙa a bango, gefe guda ya zubo, wani curin marmara ya sauka a kan ƙafata, na ji ta ce ƙas. Rairayi ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Na yi ihu, amma ihun mai gaba goma sha biyu ba ya wuce bakin rami. Na yi ta fizgar igiya, ina jin ta a tsaye ƙiƙam, ba ta ba ni amsa. A nan na gane a jikin me take. Da rairayi ya kai ƙirji na daina ihu, na yi kalmar shahada, amma hannuna bai daina fizga ba.

Wata Bafillatana ce ta zo leƙa ko ruwa ya fito, ta ga igiya tana rawa ita kaɗai a jikin gwafa. Ita ta kwarara kira. Maza huɗu suka zare ni kamar ana zare rogo, ƙafar tana reto. Ina kwance a bakin ramin ina amayar da ƙasa sai ga bawana a guje, da takarda a hannu. Ashe masinja ne ya biyo shi da keke tun daga Kazaure, da takardar cewa an ɗauke shi jami'a a Ingila. Masinjan ya ja shi gindin wata tsamiya, shi kuma ya tsaya yana karantawa, yana sake karantawa.

"Wallahi na ɗaure ta tamau," ya ce. "Wallahi ban daɗe ba. Ɗauri uku na yi mata."

Ni kuwa bakina cike yake da rairayi.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ta kama, amma ta gajarce. Ina kwance da karan ɗori a ƙafa ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa. Ya ce shawara ya zo nema. Ya ce ga ni a kwance, ga idon gwaggo ya fara hazo, shi kaɗai ta haifa, shekara huɗu kuma ba kwana huɗu ba ce. In na ce ya zauna, zai zauna. Na dube shi. Na riga na ji daga bakin yara cewa ya je Kano an ɗauke shi hoto, ya sayi akwatin ƙarfe, an ɗinka masa kwat. Ya ce ya shirya komai: zai riƙa aiko wa gwaggo abin da ya samu, malamin firamare zai riƙa karanta mata wasiƙa, matata za ta riƙa yi mata wanki. Komai ya ɗaure shi tamau, ɗauri uku-uku.

"Kwaɗo, ka yi magana mana. Me ka gani?"

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam."

Ya ɗago kai kamar na mare shi. Tun da muka iya magana ban taɓa ce masa Malam ba. Daga ranar ban sake ce masa bawana ba. Wanda bai san al'ada ba zai ce girmama shi na yi. Shi ya san abin da na yi.

Ya tafi. Wasiƙu suka riƙa zuwa, da farko duk wata, daga baya sai an manta. Ya aiko da bargo, ya aiko da hotonsa a tsaye cikin ƙanƙara. Kafin hoton ya iso idon gwaggo ya rufe, sai dai ta shafa shi ta mayar cikin kwalla. Bargon ba ta taɓa rufa da shi ba, sunsunawa take yi. In ta ji ƙararrawar keke, ko na mai sayar da kananzir ne, sai ta lallaɓo bango ta fito zaure. Ni ke kai ta, ni ke mayar da ita, da ɗingishina. Ba ta taɓa cewa ya yi laifi ba. Kullum sai dai, "Ko ya ci abinci a can?" Shekara huɗun ta zama shida, don wai an ƙara masa wani karatun a kan na farko. A damina ta biyar ta rasu, da sunansa a bakinta. Ni na shiga kabarin na karɓe ta. Shiga rami dai aikina ne.

Ya dawo da mota, gari ya fito kallo. Ya ratsa mutane ya zo gabana, idonsa jawur, ya ce, "Kwaɗo." Na cire hula na ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe." Ya zama babban mutum, ya yi gidaje a Kano, ya je Makka ban san sau nawa ba. Duk sallah sai ya aiko da shadda, ni kuma in ba yara. Da muka tsufa ya zo shi kaɗai, ya bar direba a waje, ya zauna a tabarmar nan. Ya ce, "Don girman Allah ka zage ni ko sau ɗaya kafin in mutu." Na ce, "Wane ni, Alhaji." Ya daɗe a zaune, ya tashi ya tafi. Na je jana'izarsa. 'Ya'yansa ne suka kafa tankin nan na bayan masallaci, sadaka gare shi, da sunansa a rubuce a jiki. Ruwan yana da daɗi, Allah ya kai masa ladan. Amma tanki ma gwafa ce. Ka ɗaure, ka tafi.

To wannan shi ne abin da na sani game da karatun waje, kuma da shi na kwana biyar bayan zuwan ɗana. Ran Laraba da safe yarinyar ta zo ɗiga mini magani, na ga ta manna wata takarda a bango.

"Amarya, wannan fa? Takardar saki ce?"

"Lokutan maganinka ne, tsoho. Ko da Allah zai sa. Ƙanena zai dawo nan da kwana, matar Kawu ta ce ita za ta riƙa dama kunu, na nuna mata yadda kake so."

"Ɗauri nawa kika yi? Uku?"

Ta ajiye kwalbar. Ta san labarin, duk jikokina sun san shi.

"Na san za ka faɗi haka."

"Kin kafa gwafa, kin ɗaure ni, sannan kin aiko ubanki wai sai abin da na ce. Na ga irinku tun ba a haifi uban naki ba. Kan mutum ya cika da takarda, sai ya ɗauka rai ma a bango ake manna shi."

Na zaci kuka za ta yi. Sai ta gyara zama ta dube ni ido cikin ido, abin da ko ubanta ba ya yi.

"Kaka, sau ɗari na ji labarin nan, kuma kullum kai ne a ƙasa. To wannan karon wa zai shiga ramin? Kana ɗakinka. Ga masallacinka, ga 'ya'yanka, ga jikoki kamar gero. Ni ce za a zura inda ban san kowa ba, ban san harshensu ba. Ba izini nake nema ba, Baba ya ba ni izini tun tuni. Na sama nake nema. Baba yana da ofis da yara shida, zai aiko da abin da ya samu, na sani. Amma in na girgiza, wa zai ji? Kai ka ce ba a shiga in babu na sama. In ba za ka riƙe ba, ba na shiga. A ba wani gurbin."

Maganar ba ta yi mini daɗi ba. Na tsani yaro ya mayar mini da maganata. Amma ina zaune sai na ga ubana a bakin waccan rijiyar ta bayan gari, da igiya a hannu, kamar mai hutawa. Kalma ɗaya zan faɗa, yarinyar nan ta zauna. Ta yi ta ɗiga mini magani har ranar da za a rufe idon gaba ɗaya, ni kuma in ce na tsira da tawa. Sannan in mutu in bar ta a ramin, ba mai jawo ta. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Na raina mutane da yawa a rayuwata, ban shirya in ƙara da kaina ba.

Na ce, "An zura fitila?"

Ta gane. "Akwai 'yan Kazaure biyu mata a makarantar, shekararsu biyu a can. Na yi magana da su. Ɗaki ɗaya za mu zauna."

"Suna sallah?"

"Suna yi."

"To ta ci. Shekara shida kika ce. Kin dubi haƙorana?"

"Na duba, saura huɗu. Ai ba da haƙori ake riƙewa ba."

"In na mutu fa?"

"Na sama ba ya tashi sai na ƙasa ya fito. Ba ni na kafa dokar ba."

"Mara kunya. Mutuwa ta Allah ce."

"To ka roƙe Shi. Ai kana da baki, tsoho mai rowa."

A nan ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Na bar ta ta gama. Sannan na ce ta ɗauko takardar ta sa hannu a gabana. Na ga alƙalamin yana tafiya, ban san me ya rubuta ba. Na ce, "Ki ji da kyau. Ba na son hoto, ba na son bargo. In kin ji bango yana raɗa, ko mene ne, ko mutum ko ciwo ko karatun ne ya zubo miki, ki girgiza sau uku. Ba tambaya. Zan sa a fito da ke ko da uban naki zai sayar da motarsa." Ran da za ta tafi na ɗauki tsohon dagina na je gefen simintin da suka rufe rijiyata da shi, na fasa, na ɗebo ƙasa na ƙulle mata a tsumma, ta jiƙa a ruwan farko da za ta sha a can, kamar yadda ake yi wa matafiyi don kada baƙon ruwa ya kayar da shi. Ubanta ya ce masu binciken kaya a filin jirgi ba za su bari ba. Na ce su ma su jiƙa su sha.

Ɗan nawa ya sayo mini 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, ya nuna mini koren da jan. Abin da na yi shekaru ina zagin mutane a kansa. Ƙanenta yana kwana a nan, yana mantawa da maganin rabin lokaci. Kunun matar kawun nata ruwa ne zalla. Ban fasa raina masu gasar ƙofar masallaci ba. In sun ce, "Malam, an ce ta wajenka ma tana Masar," sai in ce musu damina ta kusa, su je su nemi iri. Takan kira ran Juma'a, ta ce tsoho ba ka mutu ba, in ce sai kin fito. Sau uku a jere kuwa ba ta taɓa kira ba tukuna.

Da ɗan nawa ya ga kullum wayar tana hannuna, ina cin abinci da ɗaya ina riƙe ta da ɗaya, sai ya zo da wata 'yar igiya mai kyau, ya zura a jikinta, ya buga ƙusa a bango kusa da shimfiɗata. Ya ce in rataye ta a nan, in ta yi ƙara zan ji, hannuna ya huta. Yaron kirki ne, amma boko ya yi. Na sa ya miƙo mini wuƙa, na yanke igiyar a gabansa, na ce ya zare ƙusarsa ya tafi da ita. Damina ɗaya ta wuce. Saura biyar.